Ruwan Mama

Kamazou, Kaduna,
Watan Agusta.

Zuwa ga Yayata Dorcas,

Gaisuwa mai tarin yawa tare da girmamawa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, daga ƙaninki Wilson, wanda har yanzu gwamnati ba ta kira shi bautar ƙasa ba, saboda haka yake bauta wa Mama a tsakar gida ba tare da kaki ba. Ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, kuma sanyin Ingila bai shiga ƙashinki ba. Kullum muna yi miki addu'a, Allah ya ƙara miki ƙarfi da haƙuri a gidan tsofaffin da kike kula da su, ya tsare fitarki da shigarki. Mu nan lafiya lau muke. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har ta koma zuwa Zumuntar Mata. Ruwa ana yin sa kamar da bakin ƙwarya, masarar bayan gida ta yi goyo, kwatar ƙofar gidanmu kuwa ta zama kogi na biyu a Kaduna. Mijinki Sam ya kira daga Fatakwal, yana lafiya. An mayar da Yaya Deborah wata makaranta kusa da Rido, don haka 'yarta Phoebe a nan take wuni tare da ɗanki Ben.

Kada ki yi mamakin ganin rubutun hannu a zamanin saƙon murya. Na ɗauki alƙalami ne domin mas'alar da ke gabanmu ta fi ƙarfin saƙon da za ki saurara kina sauri zuwa tashar bas. Zan ɗauki hoton shafukan in turo miki, ina roƙo ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta. Ƙara nake ɗaukakawa, ke ce kotun ƙoli, kuma wa'adin Lahadi mai zuwa ne.

Ga yadda al'amarin ya faro. Kin tuna kayan da kika aiko ta hannun Madam Chioma: rigar sanyi shuɗiya da motar tifa ta roba domin Ben, rigar sanyi ruwan hoda da 'yartsana mai farin gashi domin Phoebe. Har suna kika liƙa a jikin kowace leda. To, ki sani ba a yi la'asar ba sai da ɓangarorin biyu suka zauna a gindin gwaba, babu mai shiga tsakani, suka ƙulla yarjejeniyar musaya. Phoebe ta karɓi tifa, ta kafa kamfanin jigilar yashi daga bakin rijiya zuwa ƙofar kicin, inda Mama take taka shi kowace safiya tana faɗa. Ben ya karɓi riga ruwan hoda da 'yartsana. Ita kuwa shuɗiyar riga, da babu wanda ya nema, Phoebe ta mayar da ita tampol, tana rufe lodi saboda ruwan sama. Ni da na shaida zaman, ban taɓa ganin sulhun da aka kammala babu kuka babu cizo irin wannan ba, har na ba da shawarar a tura su biyun ƙauye su sasanta kawunnanmu a kan iyakar gona.

Aka ɗauki lokaci ana zaman lafiya. Ben yakan sa rigarsa da safe, ya goya 'yartsana da tsohon ɗankwalin Mama, ya kwantar da ita a kwalin taliya, ya ba ta ruwa da murfin kwalba. Mama ta ɗan yi gunaguni ta bari. Sai Lahadin da Gwaggo Martha, ƙanwar Baba kuma shugabar Zumuntar Mata ta Gonin Gora, ta zo sujada a majami'armu. Bayan an tashi, wasu mata da suka ga Ben cikin rigarsa ruwan hoda suka tare ta a bakin ƙofa suna tambaya ko Dorcas ta haifi mace ne ba a sanar ba, suka yi dariya suka wuce. Kin san Gwaggo, ta fi jure zazzaɓi a kan dariyar matan wata majami'a. Muna isa gida, ko jaka ba ta ajiye ba ta buɗe wa'azi na biyu. Ta ce ɗa namiji ba ya sa ruwan hoda, ba ya goyo, ta kuma ambaci wata kalma da ba zan ɓata takardata da ita ba. Da na nuna mata Phoebe tana tuƙa tifa da ƙarar inji a bakinta, sai ta ce wannan ƙuruciya ce, za ta daina da kanta. Wato yarinya da mota ƙuruciya, yaro da 'yartsana annoba. Daga nan ta tuɓe masa rigar a tsakar gida, ta kwance goyon, ta cusa duka a jaka.

A nan ne sunanki ya shiga shari'ar. Gwaggo ta kira ki a gabanmu, kin fito daga aiki ke nan, muna jin gajiya a muryarki. Ta ce miki yaro yana ɗaukar ɗabi'ar da ba ta dace ba, kika ce ta yi yadda ta ga ya kamata, ita ce babba. Na san ladabi kika yi, ba hukunci ba. Amma Gwaggo na ajiye waya ta juya wurin Ben ta ce ga shi nan, uwarsa da kanta ta ce ba ta son ganinsa da wannan launi. Yanzu kayan suna Gonin Gora, kuma ta yi alkawarin sa su a buhun tufafin da majami'arsu za ta kai wa 'yan gudun hijira ranar Lahadi. In suka shiga buhun nan, sun tafi ke nan.

Bari kuma in gaya miki abin da aka ɓoye miki. Ranar da kika kira ta bidiyo aka ce Ben yana barci, ba barci yake ba. Yana tsugune a bayan tankin ruwa, can ya gudu da ya ji muryarki. Abinci yana ci, kada hankalinki ya tashi, amma surutun nan nasa da ke hana a ji rediyo ya ɗauke. Phoebe ta kai masa tifa har gabansa, ta ce ta ba shi aro, ko kallo bai yi ba.

Ganin haka na naɗa kaina jakada, na goge takalmi, na tafi Gonin Gora na sami Gwaggo a rumfarta ta doya a bakin titin Abuja. Na gabatar da hujjoji cikin tsari. Na fara da Alhaji Auwal mai sayar da taya a Sabon Tasha, dattijo mai gemu da jikoki, wanda ke zuwa masallacin Juma'a da shadda ruwan hoda tun daga wuya har idon sawu, kuma babu wanda ya taɓa tambayarsa ko an yi kuskure. Ta ce ita ba ta hukunta shadda, rigar sanyi take hukuntawa. Sai na fito da babban makami, wato hoton da ke falon Mama, inda nake tsaye ina ƙarami sanye da rigarki mai furanni wadda ta yi miki kaɗan, domin a gidanmu duk wuyan da riga ta shiga, ta zama tasa. Na tambaye ta wane lahani hakan ya yi mini. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce ai ga lahanin nan tsaye a gabanta, yana magana kamar lauyan da babu wanda ya ɗauka. Ban karaya ba. Na tuna mata cewa su da Mama ba sa sanin mace ce ko namiji sai ranar haihuwa, duk launin da suka samu a gwanjo shi jariri ke sawa, kuma wannan doka ta shuɗi da hoda a kwalin kanti ta iso mana, ba ta cikin Littafi Mai Tsarki, ba ta cikin al'adar ƙauyenmu. Ta zuba mini abinci, ta ɗaure mini doya, ta ce magana ɗaya ce: uwar yaro ta ba ta izini, uwar yaro ce kaɗai za ta janye shi. Na dawo da doya, babu riga.

Abin da ya zaunar da ni rubutu kuwa bai fito daga hujjojina ba. Jiya da hantsi ina wanke kwanuka, Ben yana zaune kusa da ni, na tambaye shi a hankali me ya sa yake son ruwan hoda haka. Ya dube ni kamar na faɗi jarrabawa, ya ce ba ruwan hoda ne sunansa ba, ruwan Mama ne. Ban gane ba, sai ya ɗauko wayata ya nuna mini hotonki. Yaya, tun da kika tafi, a lokacin hutun aiki kike kiran mu ta bidiyo, sanye da rigar aikinki ruwan hoda. Mu manya fuskarki muke kallo, ba mu taɓa lura ba. Shi kuwa tun da ya fara wayo bai san ki da wani launi ba sai wannan. Da aka buɗe leda ya ga rigar, a ganinsa irin taki kika aiko masa, kuskuren liƙa suna kawai kika yi. 'Yartsanar ma ba jaririya ba ce a wurinsa. Ya ce tsohuwa ce, ya tambaye ni ko ban ga furfura ba. Tsohuwar Baturiya ce kika turo ya taya ki kula da ita, domin kin taɓa ce masa tsofaffinki suna da yawa, hannunki kuwa biyu ne. Murfin kwalba na magani ne, kwalin taliya gadon asibiti. Yaron nan aikinki yake yi a tsakar gidanmu, aka kore shi daga aiki, aka ce masa ke kika sa hannu. Daga ƙarshe ya tambaye ni, tunda Mamarsa ba ta son launinta a jikinsa, ko ta daina son ya zama nata ne.

Saboda haka ga buƙatata, ina miƙa ta da hannu biyu. Ki kira Gwaggo kafin Lahadi, ki gaishe ta da kyau, ki gode mata, domin ba mugunta ta yi ba, tsoro take kada a yi wa jikanta dariya. Ki gaya mata maganar ruwan Mama da bakinki. Na gaya wa Mama, ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba, kuma ba na jin zuciyar Gwaggo ta fi tata tauri. Sa'an nan ki kira Ben sanye da rigar aikin, kada ki canja. In ya gudu bayan tanki, ni zan kai wayar can. Ki ce masa ba ki hana ba. Ba na neman ki yanke hukunci a kan abin da zai zama in ya girma, wannan ya fi ƙarfina da ke da Gwaggo. In ya zama nas, ya gaji uwarsa. In ya zama direban tifa, sai ya nemi aiki a kamfanin Phoebe.

Ni kuma na riga na ɗauki nawa matakin, ko kin kira ko ba ki kira ba. Na je wurin Alhaji Auwal na ba shi labari, ya yi dariya har ya zauna a kan taya, ya ara mini shaddar, da sharaɗin in dawo da ita babu miya. Ranar Lahadi zan sa ta in tafi majami'ar su Gwaggo riƙe da hannun Ben, mu zauna a layin gaba. Wandon ya fi ni tsawo, amma Mama ta ce za ta kama shi da zare. Duk mai tambaya game da launi, ta fara da ni. Buhun nan kuma ba zai bar harabar majami'a ba sai na yi magana da mai ɗaure bakinsa. Na ware rigunana masu kyau in bayar a madadin, domin 'yan gudun hijira ba su da laifi a wannan shari'a.

Mama tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci mai riƙe ciki. Yaya Deborah tana gaisuwa, Phoebe ta ce a gaba ki aiko da katafila. Ki gaishe mana da Anti Jessica da kuke zaune tare, ki ce mata ba mu manta da ita a addu'a ba. Ben bai ba da gaisuwa ba. Amma da ya gan ni ina rubutu, ya tambaya ko wurinki takardar za ta je. Na ce masa i. Sai ya ce in gaya miki tsohuwa ba ta sha maganinta ba tun ranar da aka tafi da ita, kuma ba laifinsa ba ne.

Allah ya tsare ki, ya sake haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne ƙaninki mai biyayya, jakadan tsakar gida,
Wilson.