Ƙyale-su da Ƙarar Mashin Ɗinka

Zuwa ga maigidana Yohanna,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Na kusa rubuta cewa ina fata kana lafiya, sai hannuna ya tsaya. Na san babu mai kai maka wannan takarda, na san idonka ba zai taɓa sauka a kanta ba. Amma tsoro ya cika mini zuciya, kuma kai kaɗai na saba faɗa wa tsorona ba tare da an ce bangaskiyata ta yi rauni ba.

Bari in fara da labarin gida. An shiga tonon citta. Gonarka ta bayan layin dogo, wadda ka yanke jiki ka faɗi a cikinta kana rufa wa shuka ciyawa, ta yi albarka har mutane suna tsayawa kallo. Ni ban iya zuwa ba. Matan zumuntar coci ne suka zo suka taya ni yanka da shanya, yanzu duk tsakar gida ƙamshin rigarka take yi. Rufin kicin da ka ce za ka gyara bayan damina yana nan yadda ka bar shi.

Cikin da ka bari yana ƙarami ya tsufa. Wannan ya zauna, Yohanna. Ya wuce inda sauran suka tsaya, ya ci gaba, har yana shurin haƙarƙarina in na daɗe a zaune. Nas ta ce kafin Kirsimeti in Allah ya yarda. Ko hular jariri ban saya ba tukuna. Ka san dalili. Mun taɓa saye, muka naɗe muka mayar akwati.

Maganar Ƙyale-su ce ta sa na ɗauki biro. Ka tuna ranar da ka shigo da shi a kwali yana ɗan kwikwiyo, lokacin da dangi ke ta ƙus-ƙus cewa gidanmu babu kukan yaro? Ka raɗa masa wannan suna don duk mai gulma ya ji amsarsa tun daga bakin ƙofa. To, kai ka lalata shi, kuma ko kana nan sai na faɗa maka. In ka dawo sai ka kashe mashin, ka bubbuga ƙirji, shi kuma ya daka tsalle ya ɗora maka ƙafafu a kafaɗa yana lasar gemunka. Ina tsaye da kwanon ruwa ina jiran a gama gaisuwar manya kafin a zo kaina. Sau nawa na ce maka wata rana zai kayar da mutum? Dariya kawai kake yi. Yanzu ya kusa ɗan maraƙi, kuma babu ƙirjinka a gidan.

Bayan jana'iza dangi suka zauna suka raba kayanka kamar yadda aka saba. Mashin ya faɗa hannun ƙanenka Irimiya, yana acaɓa da shi a cikin gari. Ba ni da abin da zan ce a kan Irimiya sai godiya. Duk ranar awon ciki shi ke kai ni asibiti ya jira ya dawo da ni, a hankali yake tuƙi, yana kauce wa kowane rami. Zuciya ce dai da shi a kusa, ka san halinsa.

Ranar da abin ya faru daga awo muke. Na sauka, na tura ƙyaure, ban ko gama shigar da ƙafa ba. Ban ga karen ba, Yohanna, nauyinsa kawai na ji. Ƙafafunsa na gaba suka sauka a kan cikina, bayana ya bugi turmi, na zube a ƙasa. Ban ji zafi ba a lokacin. Abin da na ji shi ne shiru. Yaron da ke ta motsi a kan mashin ya yi tsit. Na danna nan, na danna can, na kira shi da sunan da ban taɓa faɗa wa kowa ba, babu amsa. Maƙwabciyarmu Mama Nkechi ta tsallako da gudu ta ɗura mini ruwan sanyi da sukari, ta kwantar da ni a gefen hagu. Shiru. Aka mayar da ni asibiti a keke mai ƙafa uku. Nas ta ɗora abin sauraro a cikina tana matsawa daga wuri zuwa wuri, fuskarta ba ta ce komai ba, ni kuwa ina kallon silin ina tuna bayan gidanmu inda ka yi haƙa da hannunka a waɗancan lokuta. Wa zai haƙa wannan karon? Abin da na riƙa tambayar kaina ke nan. Can sai ta ɗaga kai ta ce zuciyar tana bugawa.

Irimiya bai jira na huta ba. Ya ce karen zai bar gidan. Ya riga ya yi magana da mutanen nan masu yawo da kejin ƙarfe a bayan mashin suna sayen karnuka, kuma ni da kai mun san tukunyar da suke ƙarewa. Ya ce jinin ɗan'uwansa guda ɗaya tak ya rage a duniya, ba zai zuba ido dabba ta zubar da shi ba. Me zan ce masa? Gaskiya ya faɗa. Amma da na leƙa na ga Ƙyale-su ɗaure a gindin mangwaro, ya sa kai a kan tsohon takalminka na gona, sai na kasa. Na roƙi Irimiya ya ba ni zuwa awo na gaba. Ya yarda da ƙyar, ya ce in karen ya sake ɗaga wa wani ƙafa ko sau ɗaya, magana ta ƙare.

Mama Nkechi ce ta koya mini abin yi. Ka san ta tashi a kwatas ɗin 'yan reluwe, babanta mai kiwon karnuka ne. Ta ce in na shigo kada in dube shi, kada in kira sunansa, kada in yi masa tsawa, don ko tsawa a wurinsa gaisuwa ce. In juya masa baya, in rungume cikina, in tsaya kamar turke har sai ƙafafunsa duka sun taka ƙasa. Sai ya zauna sannan in shafa kansa. Yohanna, ka san wuyar juya wa kare baya alhali kana tsoronsa? Ina jin numfashinsa a bayan gwiwata, ina jin farcensa a kan siminti, ina addu'ar Ubanmu wanda ke cikin sama har in manta inda na tsaya. Ga wani ciwon kuma. Shi kaɗai ya rage mai murnar dawowata a gidan nan, shi ne kuma aka ce in yi kamar ban san shi ba.

Abin ya yi aiki, amma ba kullum ba, kuma wannan ya fi komai firgita ni. In na dawo daga kasuwa da ƙafa, sai ya ɗan zagaya ni, ya kaɗa wutsiya, ya zauna. Ran Lahadi kuwa da Irimiya ya sauke ni daga sujada, sai ga shi ya haukace, yana fizgar sarƙa har wuyansa ya yi jini. Allah ya sa a ɗaure yake. Irimiya ya dube ni. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado ina lissafin yadda zan dawo daga asibiti da jariri a hannu, jikina ɗanye, in tura wannan ƙyaure. In sarƙar ta tsinke fa? In wani ya kwance shi ya manta?

Wata la'asar ina tsakar gida ina tuƙa tuwo. Ƙyale-su na kwance yana barci. Sai na ga kunnuwansa sun miƙe. Ya tashi, jikinsa ya ɗauki ɓari, ya fara kuka ƙasa-ƙasa yana kai da kawowa. Ban ji komai ba tukuna. Can daga wajen tsallaken jirgi sai ga ta, ƙarar fasasshiyar salansar nan ta mashin ɗinka, mai tari kamar tsohon da ya sha taba. Irimiya ne ya zo ɗaukar buhunan citta. Yana buɗe ƙyaure karen ya tsinke sarƙa ya yi kansa, amma bai tsaya a kansa ba. Ya wuce shi ya fita waje, ya shinshina kujerar mashin, ya zagaya ta, ya tsaya yana kallon hanya. Kai yake nema. Duk tsawon watannin nan ba ni yake yi wa tsalle ba, hanya nake tare masa. Mu kuma da kirkinmu muna ta kawo masa ƙararka har bakin ƙofa, muna buɗe masa babu kai.

Sai na dubi kaina. Ina tsaye, muciya a hannu, na gyara ɗaurin kallabi, na riga na yi taku zuwa wajen randa in ɗebo maka ruwa.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Shekara da shekaru ina yi maka mita a kan salansar nan. Na ce tana kunyata ni a ƙofar coci, na ce duk Kafanchan ta san lokacin da kake dawowa. Ƙarya nake yi, Yohanna. Da ita nake sanin ka tsallake titi lafiya. Da ita nake sauke tukunya. Tun da ka tafi, duk ranar da Irimiya ya wuce ta layinmu da fasinja, ina samun ɗan lokaci kaɗan, kafin hankalina ya dawo, da kake raye. Ban san ina rayuwa a kan wannan ba sai ranar.

Na kira Irimiya na ce ya kai mashin wurin mai walda a gyara salansar. Na ɗauka zai yi mini dariya. Sai ya zauna a kan turmi ya rufe fuska da hula. Ashe shi ma da gangan ya bar ta, tun tuni bakanike ke yi masa magana yana kaucewa. Mun daɗe a zaune, karen na kwance tsakaninmu. Washegari ya kai.

Jiya aka yi awo. Muka dawo, mashin yana tafiya sumul kamar na kowa, ni kaina ban san mun iso ba sai da ya taka birki. Irimiya ya ce shi zai fara shiga, na ce a'a. Na tura ƙyaure, na juya baya, na rungume cikina, na rufe ido. Na ji takunsa yana zuwa, tafiya yake yi, ba gudu ba. Ya shinshina zanina. Sai na ji ya zauna. Na juyo na ɗora hannu a kansa, yaronka kuma ya yi shuri a daidai lokacin. Irimiya ya tura mashin ya fita, bai sake maganar masu keji ba.

Kada ka ɗauka tsoron ya ƙare. Haihuwa na gabana, kuma ban taɓa kaiwa nan ba. Ina tsoron ɗakin, ina tsoron shirun da kan zo kafin kukan jariri, ina tsoron in waiga in nemi fuskarka a bakin ƙofa. In namiji ne zan ba shi sunanka. Zan koya masa ya tsuguna ya gai da Ƙyale-su a ƙasa, ba zan bari ya bubbuga ƙirji ba, ka yi haƙuri.

Yau da la'asar mashina sun yi ta wucewa ta layinmu. Wataƙila naka na cikinsu, ban sani ba. Karen bai ɗaga kunne ba, ni ma ban tashi ba. Na daɗe ina roƙonka ka gyara salansar nan, ka ƙi. Ka yafe mini, maigida, ni na sa aka gyara ta.

Ka huta a wurin Ubangiji, sai mun sadu.

Matarka,
Rifkatu