Tuwon Lahadi a Sedgefield

Lahadi, 5 ga Oktoba

"Ke Nasiba, ashe haka kike da baki? Zo nan kusa da ni a ɗauke mu hoto." Da wannan Hajiya Huseina ta tarbe ni, ban ko cire takalmi ba. Shekara uku ina zuwa cin tuwon Lahadi a gidanta da ke unguwar Sedgefield, a nan ƙasar Turawa, kullum kujerata tana bakin kicin. Yau aka ba ni ta tsakiyar falo.

Dalili: tashar talabijin ta garin nan ta nuno ni ranar Alhamis. Na haska wa jama'a wani tsohon fim na barkwanci a jami'a, marar kala, wanda nake rubuta digirina a kansa. Labarin wani mai tallan man goge baki ne da kwamitin gwamnati ya kira, aka ce ya faɗi 'yan kwaminis da ya sani. Bai san kowa ba, sai ya ba da sunan surukarsa da mai yi masa aski. Kafin mako ya zagayo ya zama tauraro. Na yi wa ɗan jaridar dogon bayani. Abin da ya bari a rahoton shi ne: "Tsoron kwaminis ya fi kwaminis ɓarna." Sai fuskata tana murmushi.

Ba wanda ya tambaye ni fim ɗin. An dai yabi mayafina.

Talata, 7 ga Oktoba

Gwaggo ta kira daga Kano. Ta gani. Ta ce na yi ƙiba.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Wani mai son zumunci ya ɗora bidiyon a shafin ƙungiyarmu ta Hausawan garin nan da kowa ke iya gani, da cikakken sunana, da hoton da muka ɗauka a falon Hajiya. Ya rubuta "ɗiyarmu abin alfaharinmu". Yanzu mutanen da ban taɓa gani ba suna gaya mini inda ya kamata in koma. Wani ya ce a duba bizata. Rubutunsu duk kuskure, na kama kaina ina gyara musu a zuci.

Lahadi, 12 ga Oktoba

An mai da ni bakin kicin. Hoton ya ɓace daga shafin.

Alhaji Abdulhamid, mijin Hajiya, ya same ni wajen wanke hannu. Ya daɗe yana goge yatsunsa kafin ya ce, "'Yata, su waɗannan mutanen, a zamaninmu an ce ba su yarda da Allah ba. Kina dai sallah ko?" Na ce ina yi, Baba. Ya ce madalla, bai dube ni ba.

Turawa na ganin na zo rushe musu ƙasa, Alhaji na ganin na bar addini. Duk a kan fim ɗin da ko ɗayansu bai kalla ba. Wannan zai yi kyau a babi na uku na kundin digirina.

Laraba, 15 ga Oktoba

Hajiya ta kira. Ta gaishe ni, ta gaida karatu, ta gaida sanyi. Sannan ta ce takardun Alhaji na zama ɗan ƙasa suna hannun hukuma, kuma ta ji za a sake haska fim ɗin ranar 26, har 'yan talabijin za su dawo. Ba ta ce kar in yi ba. Mu ba ma cewa haka. Cewa ta yi, "Kin gaji, Nasiba. Ki huta Lahadin nan, zan aiko miki da naki. In komai ya lafa, gidanki ne."

Na yi mata godiya. Har sau biyu.

Lahadi, 19 ga Oktoba

An ajiye mini kula a bakin ƙofa. Wanda ya kawo bai ƙwanƙwasa ba.

Miyar kuka ce, da man shanu. Na ci a tsaye ina kallon motocin titin Wendover ta taga. Ni da nake dawowa kowace Lahadi in cika shafi da yadda 'yan cin tuwon Hajiya suke gardamar siyasar gida da baki cike. Sai yau na lura tun wayar Laraba ban yi Hausa da kowa ba. Na ce wa firji "sannu" don in ji ko muryar tana nan.

Laraba, 22 ga Oktoba

Prisca, abokiyar karatuna 'yar Kamaru, ta ce tikiti ya ƙare, wai saboda ni. Ta ce in na janye daga yin jawabi yanzu, masu zagina sun yi nasara. Gaskiyarta. Ita tana da cocinta, da mutum ɗari masu kiran sunanta daidai.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Na sake kallon fim ɗin, wurin kwamitin. Da can dariya yake ba ni. Yau na ga mutumin yana ta waiwayen matarsa kafin ya buɗe baki. Ban san yadda aka yi ban taɓa lura ba.

Lahadi, 26 ga Oktoba

A mota nake rubutu.

Zauren ya cika. Mai kyamara ya kafa fitilarsa kusa da kujerar da aka liƙa wa sunana. Na miƙa wa Prisca takardun jawabina, na ce kaina ke ciwo, ta karanta kawai, amma ta tsallake sakin layi na biyu, mai maganar tsoron kwaminis. Ta dube ni, ta karɓa. Kan yana ciwo kuwa, kaɗan.

Ba don kowa na yi ba. Jawabin dama bai nuna ba, kuma ba na son yadda fitilar nan ke fito da fuskata. Na dai tura wa Hajiya saƙo cewa ba zan fito ba, don kar ta zauna cikin fargaba. Ta amsa nan take: "Allah ya yi miki albarka. Ba a kwashe tuwo ba tukuna."

Na tsaya a baya har aka kashe fitilu, mai man goge bakin ya bayyana da haƙoransa, mutane suka fara dariya. Ƙofar zauren nauyi gare ta. Na riƙe ta da hannu biyu har ta rufu ba ƙara, na sauko wajen motoci.