Yadda Sadiku Ya Kuɓuce Mini a Filin Ƙwallon Kaduna

Sheshe, Kano.

Yaya Bashir,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ya Yaya Binta da yara? Ya ruwan Fatakwal? Mu nan kowa ƙalau, ƙafar Hajiya ma ta yi sauƙi.

Ka ce za ka kai yaranka kallon ƙwallo idan 'yan wasanmu sun je can. To, ji yadda muka yi a Kaduna. Tunda sojoji suka koma bariki shingayen hanya sun ragu, sai na ɗauki yarana, Hamza da ƙaramin, Sadiku, muka bi motar magoya baya. Kafin mu shiga fili na nuna musu wani mai rake a bakin ƙofa, na ce duk wanda ya ɓata ya tsaya nan.

Ana tashi aka hau turereniya, hannun Sadiku ya kuɓuce mini. Wallahi Yaya, na waiga ban gan shi ba. Na ja Hamza da gudu zuwa wajen mai raken, sai ga mutumin naka kan benci yana shan rake, yana yi wa Kadunawa bayanin yadda muka ci su, suna ta dariya. Yana ganina ya ce, "Baba, ina ka ɓata?"

Don Allah ka nuna wa naka yaran wurin haɗuwa, ku zauna cikin mutanenmu, ku fito kafin a tashi.

A sa mu a addu'a. Ka gai da Yaya Binta da maƙwabta.

Ƙaninka,
Nasiru