Farantin Inna a Cikin Injin Motar Soja

Litinin, 7 ga Maris 1949

Yau na ga motar da idona. Tana bayan bariki, ƙarƙashin gawo, tun shekarar da ta mutu wa soja a nan sunka bar ta. Babba ce, ƙirar Amirka, mai shan isansi, wato fetur, irin wadda na tuƙa shekara uku a yaƙi. Awaki sun mai da ita ɗaki. Na ɗaga murfin gaba, kaza ta tashi saura kaɗan ta tsone mini ido, ga ƙwai huɗu bisa inji.

Kumandan ya yi magana, Issa tafinta shina juyawa. Na ji Faransancin sarai, ban dai so in kunyata Issa ba. Ya ce in na tashe ta, motar, kafin ruwan farko, ita za ta kai irin gero ƙauyukan arewa da fara ta cinye bara, ni ne kuma direbanta, a nan Dogon Dutsi. In ta ƙi, a ja gawarta Yamai.

Ni kuwa in ta ƙi, sai Kumasi, can inda tsarana sunka tafi dako. Wata tara ke nan da dawowata, ba aikin fari ba na baƙi. Na gaya wa Inna, ta daɗe tana tsintar wake ba ta ɗago ba, sannan ta ce, "Auta, na raka ka bakin gari sau ɗaya, na yi shekara bakwai ina duban hanya. Ba ni da ƙafar rakiya ta biyu."

Motar nan za ta tashi, in sha Allahu.

Alhamis, 10 ga Maris

Na kwance kan injin. Fistan shida, biyu sun kafe da tsatsa, na jiƙa su da man gyaɗa da kananzir. Buji uku, masu ba inji wuta, sun yi ƙafa. Bututun isansi ma wani ya yi gaba da shi, Allah kaɗai ya san mi za ya yi da shi.

Na gano abin da ya kashe ta: juwan ne ya ƙone, wato shimfiɗar nan da ake sawa tsakanin kan inji da gangar jikinsa don kada ruwa ya sadu da wuta. Sauran duk da sauƙi. Wannan ne ban san inda zan samo ba.

Lahadi, 13 ga Maris

Yaya Tukur ya biyo zai sayen gawayi. Ya tsaya hannu a baya, ya zagaya motar sau biyu, ya ƙwanƙwasa ƙarfen ƙarƙashi da yatsa ya kasa kunne. "Wannan za ya yi hauya ɗari," in ji shi. Shi ke nan abin da ya gani a mota sukutum. Tun da Baba ya rasu ina can bakin daga ya gaji maƙera, gani yake duk abin da bai ratsa ta wutarsa ba wasa ne. Na yi banza da shi.

Laraba, 23 ga Maris

Fistan ɗaya ya motsa. Har rawa na taka, ba wanda ya gani sai akuya.

Modibbo, wanda matarsa ke kawo wa Inna nono, ya ce akwai "uwar wannan" kwance a daji gaba da Sukukutane, shanunsa suna susa jikinta. Ya ce za ya kai ni in na hau jaki ban yi ƙorafi ba.

Asabar, 2 ga Afrilu

Na dawo jiya. Kwana bakwai, mazaunaina duk sun sale, na kuma yi ƙorafin, Modibbo shina ta dariya.

Motar tana nan, yashi ya ci rabinta. Maƙeran Matankari sun riga ni, sun sare duk abin da ke saruwa, amma injin ya gagare su. Na samo buji biyar, bututu, da karbiratar, mai gama isansi da iska, mai kyau fiye da tawa. Na buɗe kan injin, juwan ya biyo hannuna ya marmashe kamar busasshen ganye. Na zamna cikin yashi. Modibbo ya miƙo mini ƙwaryar nono, bai tambaye ni komi ba. Mutumin kirki ne.

Talata, 12 ga Afrilu

Issa ya buga waya Dosso da Yamai. Babu juwan, wai sai an rubuta Dakar, wata huɗu ko biyar. Ruwa kuwa ba ya jiran Dakar.

Na tuna wani sarzan ɗinmu ya taɓa yanka juwan da jan ƙarfe a hamada, munka yi tafiyar kwana goma da shi. To ina jan ƙarfe mai faɗin kamu uku a garin nan?

Laraba, 13 ga Afrilu

Ban roƙe ta ba. Wallahi ban roƙe ta ba. Ina dai faɗa wa Issa a zaure, ashe Inna tana ji. Da hantsi ta fito da babban farantinta na jan ƙarfe, wanda ta gada wurin uwarta, wanda duk unguwa ke ara ranar suna. Ta goge shi da toka har shina ɗaukar ido, ta aza gabana.

Na ce, "Inna, yanka shi zan yi fa."

Ta ce, "Na san ba tuwo za ka ci ciki ba."

Laraba, 20 ga Afrilu

Kwana shida ina bugun faranti bisa dutse har ya miƙe. Na shafa baƙin mai a bakin injin na danna takarda, hoton ramukan ya fito, na bi shi da kurfi da magagari. Ramuka shida manya, ƙanana ban ƙirga ba. Ya yi kyau. Ko Nasara ya gani sai ya sara mini.

Fistan na biyu ma ya saki. Dukawa sun yi mini igiyar kiri madadin bel ɗin fanka. Za ta yi.

Litinin, 25 ga Afrilu

Mun yi da Yaya yau, raina har yanzu a ɓace yake.

Inna ce ta turo shi, na sani. Ya ɗauki juwan ya ɗan lanƙwasa, ya buga shi da farce, ya ce, "Mani, ka buge shi ya yi tauri. Kawo shi maƙera a sa shi wuta ya yi ja, a tsoma ruwa, sannan ka ɗaura."

Na ce a tsoma ruwa? Ni ma ɗan maƙera ne, tun ina goye na san ƙarfen da anka tsoma ruwa tauri yake ƙarawa, da haka ake kaifin gatari. Ni laushi nake nema, ya kwanta ya toshe ko'ina. Ya ce jan ƙarfe ba haka halinsa yake ba. Ni kuma bakina ya riga hankalina, na ce, "Yaya, wannan inji ne, ba sungumi ba. Ka tsaya inda ka iya."

Gaban Issa da gardi biyu masu tsaron bariki na faɗa. Ya aje juwan a hankali, ya share hannu a riga, ya tafi. Da zagina ya yi da ya fi mini.

Amma dai ni ke da gaskiya.

Alhamis, 28 ga Afrilu

Na ɗaura. Gobe.

Juma'a, 29 ga Afrilu

Ta tashi. Na juya manibel, ƙarfen tada inji, sau tara ta kama, ƙara ta cika bariki, mata sunka fito da ludayi a hannu. Ban gama murna ba sai farin hayaƙi, sai tari, sai ruwa shina tsartuwa ta gefen kai. Ta mutu.

Na kwance. Juwan ya tsage tsakanin rami na uku da na huɗu, tsaf kamar kasko. Bai kwanta ba ko kaɗan, ƙusoshi sun matse shi ya karye. Abin da ya rage na farantin guntaye ne, ba wanda ya kai tafin hannu.

Ban ci tuwo ba.

Lahadi, 1 ga Mayu

Inna ba ta tambaya ba. Shi ya fi ci mini rai.

Talata, 3 ga Mayu

Hadari ya haɗu gabas da la'asar, ya watse. An ce an yi yayyafi wajen Tibiri. Masu tafiya Kumasi za su tashi bayan kwana goma sha biyu, ɗayansu ya tambaye ni ko a sa da ni. Na ce zan faɗa mishi.

Na ɗauki guntu ɗaya na jefa a murhun Inna da ba kowa tsakar gida, don dai in tabbatar wa kaina. Ya yi ja, na tsoma a kwatarniya. Na fiddo shi, na lanƙwasa da yatsa biyu kamar fatar akuya.

Kai, Mani. Shekara bakwai, ƙasa biyar, ka dawo ba ka san jan ƙarfe ba.

Laraba, 4 ga Mayu

Na tafi maƙera da safe, guntayen cikin tsumma. Mutane zamne suna jiran sungumi da hauya, ko'ina damina ake shiri. Na durƙusa na gaishe shi. Na shirya magana tun gida, da na buɗe baki sai ta gudu, abin da ya fito kawai, "Yaya, ya tsage."

Ya ce, "Na ji. Duk gari ya ji." Ya buɗe tsumman ya auna a hannu, ya ce ba za ya isa ba. Ya shiga gida ya fito da mundaye biyu na jan ƙarfe, na Zalihatu matarsa, tana biye da shi tana cewa aro ne fa, aro, a gaya wa Nasara.

Sannan ya dube ni. "Narkawa za mu yi, mu buge shi daga farko. Zuga-zugi na nan. Ko soja ba su zuga?"

Na zuga.

Litinin, 9 ga Mayu

Kwana biyar. Mun narke, mun zuba a faifan yumɓu, muna bugu da masaɓa biyu. In anka buga kaɗan sai ya ce tsaya, a mai da wuta, a tsoma, a ci gaba. Da kunne yake ganewa. In ƙarar ta yi sama ya san ƙarfen ya gaji. Na fara ji ni ma, jiya na riga shi cewa tsaya, ya harare ni.

Masu hauya suna ta fushi. Wani tsoho ya ce in ruwa ya sauka bai da sungumi, motar ce za ta yi mishi shuka? Yaya ya ce ya yi haƙuri, ƙanensa ke bisa hanyar Kumasi in motar ba ta tashi ba. Na yi kamar ban ji ba, hayaƙi ne ya shiga mini ido.

Alhamis, 12 ga Mayu

Ya miƙe, kauri ɗaya daga baki zuwa baki, ban san yadda ya yi ba tare da ma'auni ba. Ni na yanka ramukan, nan dai ya bar mini. Tsomawa ta ƙarshe shi ya yi.

Asabar, 14 ga Mayu

Ta tashi, ta kuma tsaya da ƙafarta! Na bar ta tana aiki tun hantsi har azahar, ba ɗigon ruwa, hayaƙi garau. Na zagaya bariki sau uku, na gangara kasuwa na dawo.

Yaya ya zo, ya ƙi hawa. Ya dai aza tafinsa bisa murfin gaba ya daɗe, ya ce, "Tana da zuciya ashe." Inna kuwa ta hau gaba ta zamna daram, ta ce in kai ta ƙofar gida kowa ya gani, ai da farantinta ake tafiya. Na kai ta. Zalihatu tana guɗa tana cewa har da mundayenta.

Na aika wa masu Kumasi su sauka lafiya.

Lahadi, 22 ga Mayu

Sawu huɗu na yi arewa da iri. Na kafe cikin yashi sau biyu, mutanen ƙauye sunka tura. Ruwa ya sauka Alhamis ina kan hanyar dawowa daga sawun ƙarshe, na tsaya na fito na bari ya jiƙa ni.

Litinin, 30 ga Mayu

Ba tafiya kwana uku, hanya ta yi laka. Na leƙa maƙera, don dai zaman banza ba daɗi. Hauya talatin da ɗaya ake bin Yaya saboda ni, mun rage saura tara. Hannuna duk kanta.

Da la'asar kumandan ya kira ni a cika takardar aiki. Issa shina rubutawa, ya zo wurin da ake sa inda mutum ya koyi sana'a, ya ce, "In sa soja ko?" Har ya tsoma alƙalami.

Na ce ya sa maƙerar Tukur, Dogon Dutsi.

Ya ce Nasara za ya yi dariya. Na ce ya yi, kai dai rubuta. Ya rubuta, na duba da idona, na sa hannu.

Ban gaya wa Yaya ba. Ba kuma zan gaya mishi ba, kansa ya isa girma haka nan. Gobe da sassafe ya ce in zo, saura tara.