Ni Na Kai Na'ibin Liman Gidan Giya, Ya Ƙi Faɗin Sunana

Anti Rekiya, assalamu alaikum. Ranar Litinin da ta wuce kwamitin wani masallacin kasuwa a Kano ya dakatar da na'ibin limaminsa daga jan salla, saboda wani hoto da ya nuna shi a gidan giya a nan Guangzhou. Ni na kai shi wurin. Don girman Allah ki ba ni shawara, domin kwana biyar ke nan abinci ba ya shiga cikina, kuma babu wanda zan gaya wa a garin nan ba tare da maganar ta isa gida kafin in rufe baki ba.

Ni ɗalibi ne, ina shekara ta uku a wata jami'a a nan, ina karanta injiniyancin lantarki. Da yake na iya Sinanci, nakan yi wa 'yan kasuwarmu tafinta idan babu darasi. Akwai kuma abin da ba wanda ya sani a gida: ina kaɗa gurmi. A ƙauyen kakannina na wajen uwa na koya. Ina aji huɗu a sakandare mahaifina, wanda malamin Islamiyya ne, ya sa na yi masa alƙawarin na bari. Na bari ɗin, har na zo nan kaɗaici ya ishe ni, wani ɗan Nijar ya kawo mini ƙoƙo da fata na sake haɗa wani.

Bara wani abokin karatuna Basine ya ji ina kaɗawa a ɗaki, ya ja ni wani wuri a ɓangaren Baiyun. Tsohon sito ne da wata mata mai suna Lin da mijinta suka gyara, suna dafa giyarsu da kansu suna sayarwa a wurin. Tankunan ƙarfe huɗu ne a bayan gilashi, da teburan katako da ba su fi goma sha biyu ba, da ɗan dandamali a kusurwa. Duk Lahadi daga ƙarfe huɗu zuwa bakwai na yamma duk mai abin kaɗawa zai iya hawa. Anti, a wurin aka fara tafa mini a rayuwata. Wata takwas ina zuwa. Ba zan ɓoye miki ba, sau biyu na ɗanɗana abin da suke dafawa a farkon zuwana, na yi nadama, ban sake ba. Amma ban daina zuwa ba.

A watan Afrilu wani aminin mahaifina ya zo sarin kayan 'yan makaranta. Zan kira shi Malam Babayo, ko da yake ba sunansa ba ne. Shekara ashirin da biyu yana na'ibi a masallacin layinsu a kasuwa. Baba da kansa ya kira ni ya ce in riƙe shi kamar yadda zan riƙe shi Baban. Ranar Lahadi muka wuni a shagunan Guangyuan, sai laoban, wato mai kamfanin ɗinkin da muke ciniki da shi, ya ce zai kawo samfur ƙarfe biyar, in faɗa masa inda za mu haɗu. Ni kuma biyar da rabi ne lokacin hawana, kuma an ce wani mai shirya bikin kaɗe-kaɗe zai zo ya saurare ni a ranar. Sai kawai na tura masa adireshin wurin Lin. Na ce wa Malam gidan cin abinci ne. A raina na ce ai ba ya karanta Sinanci, rabin awa ce mu fita. Yanzu idan na tuna wannan tunanin sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Tun daga bakin ƙofa Malam ya tambaye ni warin me yake ji, na ce sha'ir suke dafawa. Ba ƙarya na yi ba, amma ta fi ƙarya muni. Ba mu yi minti biyu da shiga ba ya gane. Ya dube ni sau ɗaya. Amma laoban ya riga ya miƙe yana masa maraba, ga samfura ya baje a kan tebur, shi kuma Malam ba mai kunyata wanda ya tarbe shi ba ne. Ya zauna. Na ce a kawo masa shayi. Na nemi kofin shayi, mai hidimar ta ce meyo, babu. Sai ta zuba shayin sanyi daga jug a dogon tambulan irin wanda suke ba kowa, har da 'yar kumfa a samansa. Laoban ya ɗaga nasa tambulan na giya don girmamawa, Malam ya ɗaga nasa da hannu biyu, yadda ni na koya masa tun ranar da ya sauka cewa haka ake yi wa mai masauki a nan.

Sai aka kira ni da sunan da Sinawa suka sa mini. Da na so da na yi kamar ban ji ba. Na tashi na karɓi gurmina a wurin Lin, na hau, na yi kiɗa uku. Malam bai ɗago kai daga kan yadin da yake dubawa ba har na sauko. A tasi muna komawa masaukinsa a Huanshi Lu abu biyu kawai ya tambaye ni: ko na yi La'asar, da ko Baba ya san ina kiɗa. Na ce na yi, na ce bai sani ba. Ya gyaɗa kai. Bayan kwana huɗu na raka shi filin jirgi, har hula ya ba ni da turare.

Ashe mijin Lin ya ɗauki hotuna kamar yadda yake yi duk Lahadi, ya sa a shafinsu na WeChat. Bayan mako shida ɗaya daga ciki ya ɓulla a wayoyin 'yan kasuwa a Kano: dattijo da babbar riga da hula, ya ɗaga tambulan mai kumfa, ga tankuna a bayansa. Ban san wanda ya fitar da shi ba. An yanke gefen da kafaɗata take. An rubuta maganar izgili a ƙasa wadda ba zan maimaita ba.

Ɗan Malam, Huzaifa, shi ne ya kira ni ya gaya mini yadda aka yi a gaban kwamiti. Malam ya rantse shayi ne, kuma ya shiga bai san wurin ba. Aka ce ya faɗi wanda ya kai shi don a tambaye shi, ya ce ba zai ambaci sunan ɗan kowa ba. Wasu suka ce to ashe babu shaida ke nan. Huzaifa ya tambaye ni ko ina tare da babansa a ranar. Anti, na ce masa ranar ina da aikin makaranta. Ya yi mini godiya, ya roƙe ni in taya shi binciko wurin. Shekaranjiya kuma Baba ya kira ni, ya ce in sa amininsa a addu'a, Allah ya tona asirin wanda ya yi masa wannan. Na ce amin.

Na san an ce mutum ya rufa wa kansa asiri idan Allah ya rufa masa. Malam da kansa ya zaɓi ya rufe ni; idan na yi magana, ban watsar da abin da ya sha wahala a kansa ba? Baba yana da hawan jini. Wani lokaci in ce in sa laoban ya yi bayani, amma wa zai saurare shi, shi da ya ɗaga giya a teburin? Wani lokaci in ce in rubuta wa kwamitin ba suna. Ban koma wurin Lin ba, ban taɓa gurmin ba. Huzaifa ya ce kwamitin zai sake zama ranar Asabar ta sama don yanke hukunci na ƙarshe. Wani kuma ya ce an ɗage zaman. Har yanzu ban samu tabbacin ranar ba.

Ɗalibi a Guangzhou

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Na gode da ka rubuto ba tare da ka wanke kanka ba. Ka yi laifi, ka sani, ba sai na ƙara maka nauyi ba. Amma kunya ba ta mayar da kowa kan shimfiɗar limanci, don haka mu duba abin yi.

Hujjojinka na yin shiru ba na banza ba ne. Rufa wa kai asiri abu ne mai kyau, lafiyar mahaifinka abar dubawa ce, kuma Malam ya zaɓi shirunsa da hankalinsa. Sai dai ka haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Ɗanɗanar da ka yi bara tsakaninka ne da Ubangijinka. Ka tuba, kada ka gaya wa kowa, kwamiti ba shi da hurumi a ciki. Abin da ya faru ranar Lahadin nan kuwa shaida ce da ke hannunka, kuma rashinta na cin mutuncin wani mutum na shekara ashirin da biyu. Wannan ba asirinka ba ne kai kaɗai. Shirun Malam alheri ne ya yi maka, bai ɗauke maka haƙƙinsa da ke wuyanka ba.

Ka fara da shi. Ka kira shi yau, da murya, ba saƙo ba. Ka nemi gafararsa, ka gaya masa ka yanke shawarar yin magana. Mai yiwuwa ya hana ka. Ka saurare shi da ladabi, ka karɓi shawararsa kan yadda za a yi da wanda za a fara samu, amma kada ka karɓi izinin ci gaba da ɓuya. Dattijo irinsa zai iya cewa ka bari don tausayi alhali abin yana cin sa.

Daga nan sai mahaifinka, kafin ya ji a bakin wani. Ka sa mahaifiyarka ko wani babba a gidan ya kasance kusa da shi, da rana, bayan ya sha maganinsa. Ka faɗa a taƙaice: ka karya alƙawarin kiɗa, ka kai amininsa wurin da bai dace ba, ka ɓoye. Zai yi fushi, wataƙila ya daɗe. Amma ka auna da ranar da wani zai tura masa cikakken hoton, domin yana nan a shafin da kowa zai iya buɗewa, tare da naka a kan dandamali. Shirunka ba zai dawwama ba ko da ka so. Huzaifa ma ka kira shi ka janye abin da ka gaya masa.

Wasiƙa marar suna ba ta da amfani. Za a ce iyalansa ne suka rubuta. Ka nemi shugaban kwamitin ta hannun Huzaifa, ka yi magana da sunanka da na mahaifinka, ka tsaya kan abu huɗu: kai ka zaɓi wurin, ka ce masa gidan abinci ne, kai ka sa aka kawo shayi, a gabanka aka zuba. Kada ka jira a tabbatar maka da ranar zama. Kada kuma ka shiga dandalin 'yan kasuwa na waya kana musayar yawu, can ba a neman gaskiya. Ka koma wurin matar nan sau ɗaya, da safe kafin su buɗe, ka bayyana mata abin da hoton ya jawo. Ita da mijinta ba su yi da mugun nufi ba, sana'arsu suke tallatawa. Ka roƙi asalin hotunan ranar da 'yar rubutacciyar shaida kan abin da aka ba teburinku, sannan ta sauke na Malam.

Ba zan yi maka alƙawarin za a mayar da shi ba. Wasu za su ce me ya sa bai fita ba da ya gane, kuma tambaya ce da shi zai amsa. Wanda ya yanke hoto ya yaɗa, da waɗanda suka yi hukunci da hoto guda, su ma suna da nasu. Naka shi ne kada a yanke masa hukunci alhali rabin labarin yana bakinka.

Batun gurmi kuwa, malamai sun sha bamban a kan kiɗa, ka tambayi wanda ka amince da iliminsa, ka kuma yi maganar da mahaifinka ido da ido idan ƙura ta lafa. Zaman wurin shan giya ne ba a saɓa a kansa ba, kai ma ka ga inda ya kai ka. Son a saurare ka ba abin kunya ba ne. Abin kunyar shi ne ka sa dattijo ya biya maka kuɗin shiga da sunansa.

Ka ci abinci, ka yi alwala, ka ɗauki waya. Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya sanyaya ran mahaifinka, ya wanke Malam a idon waɗanda suka daɗe suna bin sa salla.

Anti Rekiya