Na Ce Maƙwabcinmu Ne

Nima, Ankara, ƙasar Gana
9 ga Yuni, 1972

Zuwa ga Babana, Malam Gafaru, a Dosso, Nijar,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya, ya sassauta maka ciwon ƙafar nan. Inna tana lafiya, tana nan da kokonta a bakin titi. Ƙanena Iliasu ya fara faɗuwar haƙori. Kekenka na ɗinki yana lulluɓe a inda ka bar shi, kullum ina share masa ƙura.

Baba, akwai abin da na kasa gaya wa kowa. A aji muna karanta wani tsohon littafin Turanci, labarin yarinyar da ta girma a ƙasar da ake wulaƙanta baƙar fata. 'Yan ajinmu har hawaye suke yi. Amma da an fita tara, su ne masu ce mana baƙi, mu masu jin Hausa, wai yaushe za mu koma garinmu.

Malama ta ce kowa ya rubuta wani abu makamancin na littafin wanda ya gani da idonsa. Sai na rubuta ranar da aka kori baƙi marasa takardar zama a Gana, yadda ka hau babbar mota a tashar Tudu da tabarma da buta, ka cire hularka ka sa wa Iliasu don ya daina kuka. Amma ban rubuta cewa kai ne ba, “wani mutum” na sa. Malama ta yaba, ta tsayar da ni gaban aji na karanta. Da na gama ta tambaye ni wane ne mutumin.

Ka san a makaranta sunana Zuera Osumanu, don Inna ta rubuta ni da sunan Kawu Osumanu saboda tsoro, ta kuma gargaɗe ni kada in ambaci Nijar. Duk ajin ya zuba mini ido. Baba, na ce maƙwabcinmu ne. Malama ta ce Allah sarki, ko yana da 'ya'ya? Na ce ban sani ba.

Tun ranar ban iya kallon kekenka ba. Ga rubutun nan na juya shi Hausa, duk inda na sa “wani mutum” na mayar “Babana”. Ka yafe mini.

Ka gaishe da Gwaggo Lami da Baffa Sumaila. Iliasu har yanzu da hular yake yawo, ta kusa yi masa daidai.

'Yarka,
Zuera Gafaru