Zumar Baba Bulus

Daren Talata, unguwar Hay el-Sabi', Alƙahira

Inna ta kira bayan magariba. "Sani, Baba Bulus ya rasu. Jiya aka binne shi."

Tun lokacin na kasa buɗe littafi, ga jarrabawa jibi.

Shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka kafa gidan ibadar nan na Katolika a bayan ƙauyenmu, tun wurin yana daji. Ba aure, ba yawan magana, sai addu'a da noma da kiwon zuma. Su suka haƙa rijiyar da shanunmu ke sha. Da azumi, ƙararrawarsu ta ƙarfe huɗu ke tashin Inna sahur. Shi ke kaɗa ta. Ya sani, bai taɓa makara ba.

Inna ta ce ba akwatin gawa. Cikin farar rigarsa suka kwantar da shi a ƙasa, suka rufe masa fuska. "Kamar namu," in ji ta.

Ranar da zan taho Masar ya ba ni kwalbar zuma, ya ce, "Ka yi karatu, ɗana, ka dawo ka ba ni labarin Alƙahira." Da abokan ɗakina suka tambaya, na ce kawuna ne ya ba ni. Wallahi kunyar ambaton sunansa na ji. Sau biyu ina zuwa gida hutu, ban taka ƙofarsu ba.

Ɗazu ɗaya daga cikin abokan ɗakina ya ga idona, ya ce, "Ma'alish, sannu, wa ya rasu?"

Na ce, "Kawuna."

Wannan karon ba ƙarya na yi ba.